Zaɓen Abin Sauraro na Kunne: Darasi ga Mai Kiɗan Biki da Ɗan Kasuwa da Iyalinsu

Ya kai mai karatu, idan ka ratsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ka zauna a tashar Birnin Ƙonni kana jiran mota ta cika, ka ɗan ƙirga mutanen da ke da wani abu maƙale a kunne. Za ka gaji da ƙirga. Wani labarun duniya yake ji, wani karatu, wani waƙa, wani kuwa ciniki yake ƙullawa da abokin hulɗarsa da ke Kano ko Maraɗi. A ɓangaren Najeriya ana kiran ƙaramin iyafis, babban mai rufe kunne kuma hedifon; a ɓangaren Nijar za ka ji ana cewa ekutar. Sunan ne kawai ya bambanta, kayan ɗaya ne, sau da yawa ma a mota ɗaya suka ƙetaro iyaka.

Abin da ya sa ma'aikacin lafiya ya sa baki a zancen da ya fi kama da na masu sayar da kayan waya shi ne wani saurayi da ya zo ɗakin shan magani inda nake aiki. Sana'arsa kiɗan DJ a wuraren biki, kuma da ita yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya ce kwana uku ke nan kunnensa na hagu yana kuka kamar gyare, dare da rana, ba ya barin sa barci. Na leƙa kunnen da fitila, ban ga mugunya ba, ban ga kumburi ba, ban ga ƙwaro ba. Da na tambaye shi wane kunne yake ɗora hedifon a kai idan yana haɗa waƙoƙi, sai ya kai hannu ya taɓa na hagun. Shekara huɗu yana haka. Maganin ɗigawa ya zo nema, ni kuwa ba ni da maganin da zan ɗiga masa, domin ɓarnar tana can ciki inda ɗigo ba ya kaiwa. Na rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a auna jinsa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, shi kunnen wa zai tsirar da shi?

Yadda ƙara ke cin kunne

Sauti yana shiga ta ramin kunne ya bugi wata siririyar fata mai kama da fatar ganga. Girgizar fatar nan tana bi ta wasu ƙananan ƙasusuwa uku ta isa wani gurbi mai cike da ruwa, wanda ya naɗe kamar ƙoƙon dodon koɗi. A cikin wannan gurbi akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gasu, kimanin 16,000 a kowane kunne, kuma su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ka, kuma ba a ƙara maka wasu. Idan ƙara mai ƙarfi ta daɗe tana bugun su, sai su kwanta kamar gero da iska ta kayar. In an ba su hutu, da yawansu sukan miƙe. Shi ya sa bayan ka dawo daga biki kakan ji kunnenka ya toshe ko yana ƙugi, washegari kuma ya sake. Amma in ana maimaita kayen yau da gobe, akwai ranar da ba za su tashi ba. Wadda ta mutu ta mutu ke nan, babu allura ko ƙwaya ko saiwar da ke tsirar da wata a gurbinta.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya zafi, ba ya jini, kuma a hankali yake zuwa. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "f" da "sh" da "ts". Mutum yana jin muryar mai magana sarai, amma kalmomin sun cuɗe masa, musamman a wuri mai hayaniya. Ka ga ke nan ɗan kasuwa ne farkon wanda zai ji a jikinsa: mai saye ya faɗi farashi, shi ya ji wani abu daban, a yi ta "me ka ce?" har ciniki ya lalace. A gida kuma a ce maigida ya fara wulaƙanta mutane, ana yi masa magana yana shiru.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a natse takan kai wajen desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da ƙa'ida a shekarar 2019 cewa babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba, yaro kuwa desibel 75. Ka ɗauki wannan kamar kuɗin cefanen mako da aka danƙa wa kunnenka. Abin lura shi ne yadda kuɗin ke saurin ƙarewa: duk lokacin da ƙara ta ƙaru da desibel 3 kacal, lokacin da aka yarje maka yana raguwa da rabi. A 83 awa 20 ne, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa biyu da rabi. In an kai 98, abin da ya rage bai cika minti 40 ba a mako guda cur. Wayoyi da yawa, in aka ƙure musu murya da iyafis a kunne, suna iya kai desibel 100 ko su wuce. Gaban lasifikar biki ma haka. Yi lissafin da kanka, tunda lissafi sana'arka ce: wanda ya tsaya awa huɗu a cikin desibel 98 ya cinye cefanen mako shida a yini ɗaya. Hukumar ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro, kuma ta keɓe ranar 3 ga Maris ta kowace shekara domin tunatarwa game da lafiyar ji.

Ba ka da na'urar awo, na sani. Ga ma'aunin da ke jikinka: idan mutum yana tsaye nesa da kai tsawon hannu guda, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, ƙarar wurin ta kai ta yi ɓarna. Haka kuma in kana sanye da iyafis, na kusa da kai yana jin waƙar da kake ji, ko ya yi maka magana ba ka ji ba, ka wuce kima.

Ga mai kiɗan biki

A nan zan daɗe, domin su ne suka fi shiga haɗari, kuma kunnensu ne jarinsu. Aikin DJ shi ne ya saurari waƙar da za ta biyo baya a kunnensa shi kaɗai, ya daidaita bugunta da na wadda mutane ke rawa da ita, sannan ya sake ta. Matsalar a fili take. Lasifikar wurin tana ruri, shi kuma dole abin da ke cikin hedifon ya fi ƙarfin rurin kafin ya ji shi. In hedifon ɗin bai tare ƙarar waje ba, ba abin da ya rage masa sai ya yi ta murɗa murya sama. Saboda haka abu na farko da za ka duba, kafin kyau, kafin suna, kafin ƙarfin dukan ganga, shi ne yadda yake toshe hayaniyar waje.

Nemi mai rufaffen baya, wato wanda ƙoƙon kunnensa ba shi da raga ko ramuka ta waje. Akwai masu buɗaɗɗen baya, masu daɗin sauti ƙwarai, amma an yi su ne don ɗaki mai shiru; a filin biki ba su da amfani. Katifar da ke zagaye da ƙoƙon ta zama mai laushi, ta manne da kai ba tare da barin kafa ba. Gwajin mai sauƙi ne, kuma kasuwa ce wurin da ya fi dacewa da shi: sanya shi a kunne ba tare da ka kunna komai ba, ka tsaya kusa da mai injin niƙa ko janareta. In hayaniyar ta ragu sosai, ka samu abin nema. In kusan ba abin da ya sauya, ajiye shi ko da mai shago ya rantse maka.

Na biyu, ya zama mai waya. Na Bluetooth yana da ɗan jinkiri tsakanin fitowar sauti daga na'ura da isowarsa kunne. Jinkirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, mai sauraron labaru ba zai ma lura ba, amma ya isa ya sa bugun waƙa biyu ya saɓa. Ga kuma batir da kan mutu ana tsakiyar liƙi. Wayar ta zama mai cirewa, domin ita ce ke fara lalacewa. In ta tsinke sai ka sayi wata, ba sai ka jefar da hedifon gaba ɗaya ba. Mai murɗaɗɗiyar waya kamar ta tsohuwar tarho ta fi, saboda ba ta jan ƙasa a taka ta. Ka kuma tabbata an haɗa maka da ƙarin bakin nan mai kauri: bakin waya milimita 3.5 ne, na yawancin miksa kuwa 6.35.

A jikin kwali za ka ga wata lamba da ake kira om. Ba sai ka san ilimin lantarki ba. Abin da ke tsakanin 32 da 80 yana aiki lafiya da miksa da kwamfuta, har da waya. Masu 250 an yi su ne don ɗakin ɗaukar sauti, waya ba ta iya ba su ƙarfin da suke bukata. Wasu, kamar Beyerdynamic DT 770 Pro, suna zuwa iri uku, 32 da 80 da 250, don haka ka karanta kafin ka biya. Cikin waɗanda masu sana'ar suka daɗe suna amfani da su akwai Sennheiser HD 25, wanda ya fito tun 1988 kuma ana iya sauya kusan kowane sashe na jikinsa, da Audio-Technica ATH-M50x, da jerin HDJ na Pioneer DJ. Ba talla nake yi musu ba, ban kuma ce dole sai su ba. Na ambace su ne don ka san siffar abin da kake nema, kuma don sanannun sunaye ne aka fi yi wa jabu. Idan aka sallama maka sabo a kwali da kuɗin da bai kai kwatar farashinsa ba, ka san abin da ka saya. Araha ba ta ado. Gara ka ɗauki mai matsakaicin suna wanda ya ci gwajin toshe hayaniya da ka ɗauki jabu mai babban suna. Na hannu mai kyau ma ba laifi, in ka sauya masa katifa, domin zufa da zafin ƙasarmu suna sa ta bushe ta tsage, kuma da zarar ta tsage ta daina tare ƙara.

Sai batun kunne ɗaya. Ana yin ƙoƙon hedifon ɗin DJ mai juyawa don a ɗora shi a kunne guda, ɗayan yana sauraron fili. Wannan ɗabi'a ce ta kawo mini saurayin da na ba ka labari. Kunnen da ke buɗe yana shan rurin lasifika kai tsaye, wanda ke rufe kuma yana shan muryar da aka ƙure don ta rinjayi rurin. Wasu miksa suna da maɓallin da ke raba sauti, waƙar da ke tafiya a kunne ɗaya, mai zuwa a ɗayan. In taka tana da shi, koyi aiki da shi, ka rufe kunnuwanka duka biyu, ka rage murya. Da farko za ka ji banbaraƙwai, daga baya za ka saba. In ba ta da shi, riƙa sauya kunne, kuma da zarar ka gama haɗawa ka mayar da muryar hedifon ƙasa.

Wurin da ka kafa teburinka ma yana da tasiri fiye da yadda kake zato. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da lasifika, ƙarar takan ragu da kimanin desibel 6, wato lokacin da kunnenka zai iya jurewa ya ninka sau huɗu. Kafa tebur a baya ko a gefen lasifika, kada ka yarda ta fuskance ka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaiciyar ƙarar wuraren shagali ta wuce desibel 100, a kuma tanadi wurin da mutane za su koma su huta daga hayaniya. Na san masu biki ne kan matsa maka ka ƙara, wai don a ji a unguwar gaba. Ka nuna musu yaran da ke rawa dab da bakin lasifika da jariran da ke goye a bayan iyayensu. Matan gidan, a ganina, sun fi saurin fahimta in an yi musu bayani. Akwai kuma abin toshe kunne na soso ko na roba da ake samu wajen masu sayar da kayan aikin gini da wasu shagunan magani. Yaran da ke ɗaukar maka kaya suna bukatarsa kamar yadda kake bukata. Auduga ba ta tare ƙarar kirki, kada ka dogara da ita.

Ga mai sauraron yau da kullum

Kai da kake zaune a rumfa daga safe zuwa magariba, ƙa'idar ɗaya ce: abin da ya fi tare hayaniya shi ne zai bar ka ka saurara da ƙaramar murya. Iyafis mai bakin roba da ke shiga ramin kunne ya fi mai tauri da ke zama a bakin ƙofa kawai. Yawanci ana sayar da shi da roba uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Gwada su duka, domin mutane da yawa suna jefar da biyun ba su sani ba ko ɗayarsu ce daidai da kunnensu. Akwai masu tsada da ke kashe hayaniya da lantarki. Suna aiki sosai a kan ƙara mai ɗorewa iri ɗaya, kamar gurnanin injin mota a doguwar tafiya daga Damagaram zuwa Kano, amma ba su da ƙarfi a kan ihun mutane da hon, kuma ba a yi su don kare kunne daga lasifikar biki ba. A nan Bluetooth ba shi da laifi.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, kuma a riƙa cirewa ana ba kunne hutu. Wayoyi da yawa suna nuna gargaɗi idan ka haura wani mataki. Wannan rubutun da kake dannawa ya wuce ba tare da ka karanta ba, saboda kunnenka aka sa shi. Kada ka kwanta barci da abu yana kiɗa a kunnenka, domin awoyin da kake barci ma suna shiga lissafi. In kuwa ka wuni kusa da injin niƙa ko wajen walda ko janareta, ka riga ka kashe rabon ranar tun kafin ka kunna waya.

Mai tuƙa babur, ko acaɓa ake ce masa a garinku ko kabu-kabu, ba shi da halin toshe kunne a kan hanya ko kaɗan. Haka mai tura kura da mai ƙetare titi.

Ke kuma uwa, wayar da kike miƙa wa yaro don ya yi shiru, ki fara sa iyafis ɗin a kunnenki ki ji ƙarfinsa. Yaro ba zai ce miki ya yi yawa ba. In da hali, a bar shi ya saurara ta lasifikar wayar. Yaron da jinsa ya ragu yakan koma baya a karatu, a yi ta dukansa ana cewa ba ya mai da hankali.

Aron iyafis ɗabi'a ce da nake so a bari. Abin da ya shiga kunnen wani yana iya ɗauko ƙwayar cuta ya kai naka, musamman lokacin zafi da kunne ke jiƙe da zufa. Riƙa goge bakin robar da ƙyalle mai ɗan sifirit, ka bar shi ya bushe kafin ka mayar. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa ko mugunya kada ya sa komai a ciki sai an duba shi. Dauɗar kunne kuwa ba ƙazanta ba ce, kariya ce, kuma da kanta take fitowa. Tsinken ashana da gashin kaza da tsinke mai auduga suna tura ta ciki ne, wani lokaci su huda fatar gangar. Yawan sa iyafis ma yakan danna ta. In ka ji kunne ya toshe, zo a duba, a fitar da ita ta hanyar da ta dace.

Wani abu da ya kamata ka sani, ko da yake ba na hedifon ba ne: wasu magunguna suna taɓa ji, kamar allurar jentamaisin da sitireftomaisin, kuma kwinin yakan sa kunne ƙugi. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa muke hana karɓar allura a hannun masu yawo da magani a kasuwa. In an rubuta maka ɗaya daga cikinsu a asibiti, gaya wa likita cewa aikinka cikin ƙara yake, kuma ka koma wurinsa da zarar ka ji sauyi a kunnenka.

Yaushe za ka zo asibiti? Idan ƙugi ko toshewar kunne ya wuce kwana biyu bayan biki bai sake ba. Idan ka lura kana mayar da waya kunne ɗaya kullum saboda ɗayan ba ya ji sosai. Idan iyalinka sun fara ƙorafin kana ƙure rediyo. Akwai guda ɗaya da ba ya jira: in ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ka nemi likita a ranar, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Fara da ɗakin shan magani mafi kusa da kai, za mu duba mu tura ka gaba. A Najeriya sashen kunne da hanci da maƙogwaro ana rubuta shi ENT, a Nijar kuma ORL. Riƙe haruffan biyu, tunda ba ka san ɓangaren da ciwo zai same ka ba. Akwai irin wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙasa na Yamai, kuma a Kaduna akwai cibiyar ƙasa da aka keɓe domin kula da kunne. Awon ji ba ya zafi: za a sa maka hedifon a ɗaki mai shiru, ka riƙa ba da alama duk lokacin da ka ji sauti, a zana sakamakon a takarda. Mai kiɗan biki da mai injin niƙa ya kamata su yi shi sau ɗaya a shekara, su adana takardar, su zo da ita a awo na gaba don a gwada da sabuwar. Kafin ranar awon, ka nisanci ƙara na yini guda, don kada gajiyar kunne ta ɓata sakamakon.